Zuwa Ga Bazazzagin Da Ya Raina Dala

Malam, ina tambayar gwiwoyi. Iyali ba sai na tambaye su ba, na san suna nan lafiya, tunda su ba su ce za su hau dutsen kowa ba.

Labari ya iso mini ta bakin direbobin da ke jigila tsakanin Kwangila da Unguwa Uku cewa tun da ka koma Zariya ba ka da wata hira a majalisa sai ta Kano. Wai ka zo ka hau Dala da Goron Dutse a wuni ɗaya, ka sauko ko gumi ba ka yi ba. Wai Dala ma tudu ne, ba dutse ba, Kanawa ne kawai da iya talla suka kambama abinsu. Wai da a gindin Kufena aka ajiye ta, da tuni yara sun mai da ita filin langa. Na so in ƙyale, sai na tuna kakanni ba su bar mana wasan Kanawa da Zage-zagi don mu riƙa ƙyale juna ba. Kai ka yi naka a majalisa, inda babu mai ƙaryata ka. Ni zan yi nawa a jarida, inda maiɗakinka za ta karanta.

Mu fara daga shiga. Na ce maka ka zo da silifas da 'yar shara, ka ce a'a, hawan dutse ilimi ne, kai kuma a Ingila ka koyo shi lokacin da ka je ƙaro karatu. Sai ga ka da wani takalmi mai igiya har ƙauri, da sanduna biyu na ƙarfe, da jakar goyo, da malafar yadi, da agogon da wai yake ƙirga taku da bugun zuciya. Muna shiga lungunan unguwar Dala yara suka biyo mu ɗuu. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, don Allah gaya mini gaskiya, rusau za a yi?" Na ce, "Kwantar da hankalinki Iya, Bazazzagi ne." Ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Af, to Allah ya ba shi lafiya."

A hanya ba ka bar kunnena ya huta ba. Ka ba ni labarin duwatsun arewacin Ingila, inda mutum zai wuni yana sauka wannan ƙololuwa yana hawa waccan, hazo na lulluɓe shi, tumaki na kallonsa, ga ƙananan tafkuna can sama a tsakanin duwatsu, ruwa garai-garai mai sanyi ƙarara, waɗanda ƙanƙara ta ƙwaƙule gurabensu shekaru dubbai da suka wuce, ta narke ta bar ruwa a ciki. Ban ce ƙarya kake ba, akwai su. Tinƙaho da dutsen wasu ne ban gane ba. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Ingila mita 978 ne. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, a bakin iyakar Kamaru, mita 2,419. Ga shi nan a ƙasarka, ba biza, ba canjin kuɗi, amma da na tambaye ka ko ka taɓa leƙa shi sai ka shiga gyaran igiyar jaka.

Da muka iso gindin Dala ka zaro waya ka karanto mini darasi. Ka ce tsawonta mita 534 ne, kuma daga gaɓar teku ake awon, birnin Kano kansa ya haura mita 450, saboda haka abin da za mu hau bai kai mita 100 ba. Ka ƙara da cewa Zariya kacokan tana zaune ne sama da mita 600, wato wanda ke kwance a ɗakinsa a Samaru ya fi wanda ke tsaye a kan Dala kusa da gajimare. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Ina dai roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi da kyau, domin da shi ka toshe wa kanka ƙofar uzuri. Masu hawan Kilimanjaro in numfashi ya gagare su sai su ce iska ce ta yi ƙaranci, mita 5,895 ba wasa ba ne. Kai kuwa gangarowa ka yi daga garinku ka zo hawan Dala. Iskar da ka shaƙa a kanta ta fi ta tsakar gidanka kauri.

Kuma matakala ce fa ta siminti, Malam. Ba igiya, ba rarrafe. Matakalar da 'yan mata ke hawa da lalle a ƙafa ranar Takutaha, matan aure da goyo a baya, tsofaffi da carbi a hannu. Ka soma da zafinka, kana taka bibbiyu, kana waiwayowa kana cewa, "Ku Kanawa ba ku san motsa jiki ba, sai zaman kanti da ƙirgar kuɗi." Ba mu kai rabi ba na wuce ka. Can sai na ji wani sauti a bayana, fuu-fuu, fuu-fuu. Ka san masana sun tona gindin dutsen nan sun samu burbushin wuraren narka tama, da aka auna shekarunsu aka ga tun ƙarni na 7 na Miladiyya ake aikin ƙarfe a wurin. Har ga zuciyata na ɗauka zugazugan maƙeran nan ne suka farfaɗo. Da na waiga sai na ga ƙirjinka ne.

Ka zauna a kan matakala, wai igiyar takalmi ce ta kwance. Ka ɗaure. Ka ɗan taɓa hawa ka sake zama, wai hoto za ka ɗauka, alhali babu abin da ke gabanka sai bangon gidan mutane da shanyar zannuwa. Agogon nan ya shiga ƙara, ka rufe shi da tafin hannu don kada in ji. Wani yaro mai tallan rake ya wuce mu da faranti a ka, ya kai sama, ya yi cinikinsa, ya sauko, ya tarar da kai inda ya bar ka. Ya ce, "Baba, in riƙe maka jakar?" Raken nan ma in an bi salsala daga ƙasarku ya fito, ta wajen Maƙarfi. Rakenku ya riga ka hawa Dala.

Ka san ko a gidan wa ka zauna kana haki? Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce wani mutum ne mai suna Dala ya fara zama a kan dutsen, kuma daga zuriyarsa aka samu Barbushe. Ƙato ne, maharbi, da sanda yake kashe giwa, ya ɗora ta a ka ya yi tafiyar mil tara da ita. Shi ke kula da gunkin mutanen wurin, Tsumburbura, ba mai shiga wurinta sai shi, ba ya saukowa sai lokacin bikinsu, in ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Shi ne ma aka ce ya shaida musu wani baƙo na nan tafe da zai mallake su, sai ga Bagauda a shekarar 999. Na san abin da za ka ce: tatsuniya ce, babu ɗan Adam da ya taɓa ɗaukar giwa. To na ji. A rage, a ce ɗan maraƙi ya ɗauka. Kai me ke cikin jakarka? Gorar ruwa, da biskit, da tawul. Shi sandarsa ɗaya, kai biyu. In kuma gorin tsafi za ka yi mana, ka makara: Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya rushe wurin, sannan a zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka iso daga Mali da littattafansu, aka kafa salla a birni. Masallacin Madabo yana nan, da ƙafarka ba ta mutu ba da na kai ka.

Na san halin 'yan bokon garinku, ba ku yarda da abu sai Bature ya yi shi. To ga Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim. Ya iso Kano a farkon 1851 bayan ya keto Sahara daga Tarabulus, aljihu wayam, masu bin sa bashi na jiran sa, aka sauke shi a unguwar Dala, zazzaɓi ya kwantar da shi. Duk da haka mutumin nan ya hau dutsen, ya zauna ya zana birnin, zanen yana cikin littafinsa har gobe. Shi ya hau da ragowar zazzaɓi ya sauko da zane. Kai ka hau lafiya lau ka sauko da zazzaɓi.

Da taimakon Allah da na yaron nan mai rake dai mun kai. Kan Dala shimfiɗe yake, fili ne na jar marmara, saboda haka ka samu wurin kwanciya, ka yi rigingine ka rufe fuska da malafa. Da ranka ya dawo na tashe ka na nuna maka gari. Ga koriyar ƙubbar Masallacin Juma'a da hasumiyoyinta biyu ta kudu, ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ga Gidan Rumfa a bayansa, wanda Muhammadu Rumfa ya gina a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, yau fiye da shekara 500 sarauta ba ta bar cikinsa ba. Ga rumfunan Kurmi, ita ma shi ya kafa ta, kasuwar da fatake suka riƙa ɗaukar turkuɗi da jar fata daga cikinta zuwa Agadas da Gadamas da Tambutu. Ga Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari ta gabas. Ga jirage na tashi daga filin Malam Aminu Kano, a garin da jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan a 1925. Ga Gwammaja nan kusa, inda Malam Aminun kansa ya zauna. Duk inda ka juya, rufin kwano ne da hayaƙin girki har inda ido ya gaji. Ka yi shiru. Shirun Bazazzagi abu ne mai tsada, ban taɓa ganin an sayar da shi a Kurmi ba, don haka na tsaya na more shi.

Bai daɗe ba. Ka ce, "Kanon nan naku ya cika." Na ce ta cika dai, amma ba na jayayya da mutumin da ke nuna maiɗakinsa ya ce "matana ne". Sai ka hango guntun ganuwa ka ce ai Sarauniya Amina ce ta koya wa Hausawa ginin ganuwa. Malam, Sarki Gijimasu da ya fara ganuwar Kano ya yi mulki ne daga 1095 zuwa 1134. Ko a lissafin da ya fi kyautata muku, sai da aka yi kusan shekara 300 kafin a ji sunan Amina. Jarumtakarta ba mai ja, Tarihin Kano da kansa ya ce har Sarkin Nufe ya aiko mata da goro 10,000. Amma tunda ka buɗe littafin, mu karanta har shafin da kuke tsallakewa. Sarki Kanajeji ɗan Yaji ya kai muku yaƙi, a karon farko kuka kore shi daga Turunku, ban ɓoye ba. Ya dawo da lifidi da sulke, Sarkin Zazzau ya faɗi a fagen fama, Kanajeji ya zauna kusa da Shika wata takwas. Ba korar sa aka yi ba da ya taso. Wata takwas mutum yana cin fate safe da yamma, ko kai ne sai ka tuna gida.

Na 1903 kuwa ba na son tayarwa, kai ka ja. Rundunar Turawa ta Kanar Morland daga Zariya ta taso a ƙarshen Janairu, ta biyo ta Bebeji, ta fasa birni ta Ƙofar Kabuga ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A garinku suka kwana, suka ci, suka sha, suka ɗaura sirdi. Ba mu ce ku kuka nuna musu hanya ba. Ba mu dai ji an ce kun ɓatar da su ba.

Saukowa ta fi hawa tona asiri. Gwiwoyi suka shiga rawa, sandunan Ingila suka zama kaya, ka sauko da gefe-gefe kana dafa kafaɗata, kai da ka ce ba mu san motsa jiki ba. Na kwantar maka da hankali da cewa Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa tun 1959, kuma ba a tambayar mutum garinsu kafin a ɗora shi. A Jakara ne na ga ainihin gwanintarka. Aka kawo gurasa bandashe, ta sha ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa, ka naɗe hannun riga. Faranti na tafiya, faranti na zuwa, agogo bai yi ƙara ba, igiyar takalmi ba ta kwance ba. Mai gurasa ta ce in riƙa kawo ka.

Da ciki ya ɗauka sai baki ya dawo. Muka bi ta inda ba a rufe rafin Jakara ba, ka toshe hanci ka ce ruwan baƙi ne. Sannu da bincike, Malam. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Barbushe ana kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa saboda baƙin ruwansa. Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824 shi ma ya yi ƙorafin fadamar da ta raba birnin biyu. Kai ne na ƙarshe a layi. Ko da yake, tsakani da Allah, baƙin wancan zamani na inuwar kurmi ne da ruɓaɓɓen ganye, na yanzu kuwa na kwata ne da leda. An soma rufe ta da titin Wuju-Wuju a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, amma rufe kwata ba ya wanke ruwan da ke cikinta, haka yake gangarawa har dam ɗin Wasai, a hanya masu lambu na ban ruwa da shi.

Sai ka ce, "To ina tafkunan? Wane irin yawon dutse ne ba tafki?" A nan ne na ga karatun Ingila bai kai ka ko'ina ba, domin tun daga kan Dala kake ganin su suna ƙyalli a tsakanin gidaje, ba ka gane su ba. Kududdufai. Naku na Turai ƙanƙara ce ta haƙa su, ba wanda ya yi gumi. Namu da hannu aka haƙa. Duk soron da ka gani a cikin birni, da zaure, da katanga, da ganuwar kanta, daga ƙasa aka ciro su: a haƙo jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya, a gina, a jera azara a yi rufi, a shafe da makuba. Ramin da aka bari shi damina ke cikawa. Kowane kududdufi ka gani, akwai unguwar da ta fito daga cikinsa. Kuma ba zaman banza yake ba. In aka tafka ruwan Agusta, indararo ya zubo, lungu ya kwaso, kududdufi ne ke karɓa ya riƙe, ya riƙa tsotsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyin unguwa. A nan ake wanki, a nan dabbobi ke sha, a nan yara ke kama tarwaɗa, a nan magina ke ɗibar ruwan kwaɓi. Ban ce aljanna ba ne. Sauro a nan yake aure yake suna, tsargiya a nan yaranmu ke ɗaukar ta, kuma babu tsohuwar unguwar da ba ta da labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Wanda ya tashi a cikin birni ya san dukan da ake sha in aka ga idonka ya yi ja, ƙafarka ta yi furu-furu.

Maganin wannan kuwa sananne ne, a yashe, a kewaye, a hana zuba shara. Mu sai muka zaɓi wata hanya. A bar shara ta cinye bakin ruwa, a kawo tifa ta ƙarasa, a wayi gari an kafa harsashi, sai shaguna, sai gidan mai. Wanda ya san titin da ya tashi daga Gidan Murtala zuwa tsohuwar Jami'ar Bayero shekarun baya, ya san ruwan da ke kwance a gindin ganuwa ta wajen Hauren Wanki da Hauren Shanu, ya je ya duba abin da ya rage. Ruwan sama kuwa ba wanda ya kai masa takardar cewa an sayar da filin. In ya zo bai samu masaukinsa ba sai ya shiga ɗakin mutane, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, cikin dare a ji rugum. Kowace damina sai an yi jana'izar da ba ta kamata ba, sannan a ce ambaliya ce daga Allah. Ruwan daga Allah ne. Tifar ba daga sama ta sauko ba.

A nan ne ka faɗi magana ɗaya tak mai ma'ana a duk wunin, shi ya sa ta yi mini ciwo. Ka ce, "Kun cinye ganuwa, kun cinye kududdufi, saura dutsen." Haka ne. Dala ba irin Kufena ba ce da aka yi da sulɓaɓɓen dutse mai tauri. Marmara ce da jar ƙasa, ruwa na zaizaye ta, gidaje sun matso har sun hau ƙafarta, ga kwazazzabai a jikinta, ga shara, ga abin da ya fi shara wanda ka kusa takawa da takalmin Ingila. Da magariba kuma masu shaye-shaye ke karɓar wurin. Tun 2007 aka shigar da ganuwar Kano da Dala da Kurmi da gidan Sarki cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, har yau a layin jira suke, ganuwar kuwa kullum raguwa take. Mu Kanawa ba abin da ba mu san farashinsa ba, daga allura har jirgi. Abin da ba na sayarwa ba ne yake ba mu wahala, sai mu rasa inda za mu ajiye shi. Garin da ya tara dalar gyaɗa buhu a kan buhu har duniya ta zo kallo, bai kamata a ce katanga da magudanar ruwa da masu gadi sun gagare shi a kan Dala ta ainihi ba. Wannan magana ce tsakanina da 'yan'uwana Kanawa, da masu unguwanni, da masu raba filaye. Kai ba ka da baki a ciki, don na ga abin da ya rage na ganuwar Zazzau, ba a yi wa juna dariya.

Saura Goron Dutse, wanda kake gaya wa mutane ka hau. Na kwaɗaita maka shi da cewa a can ne kaɗai za ka samu ruwa a ƙololuwar dutse irin wanda kake nema, domin tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ake turo ruwan Challawa zuwa tankin da ke kansa, daga nan ya gangaro cikin gari. Saboda bututun nan aka huda ganuwa aka yi Ƙofar Famfo. Ka ce to me ya sa ka ga 'yan garuwa na tura kura a kowane lungu? Na ce wannan tambaya ce mai kyau, ka hau sama ka yi wa tankin. Muka isa gindin dutsen, ka ɗaga kai ka dube shi, ka dubi gwiwoyinka. Ka ce dutsen da ke da gidan yari a gindinsa mai hankali ba ya wasa da shi. Na ce ba a kama mutum don ya hau dutse. Ka ce la'asar ta yi. Muka shiga masallacin Khalifa Isyaka Rabi'u, aka idar da salla, kowa ya shafa ya tashi, kai ka ɗaga hannu. Ban taɓa sanin kana da dangi da yawa haka ba, ka yi wa na raye, ka yi wa na mace, ka koma kan shugabanni, ka tsallaka ƙasashen waje. Ba ka shafa ba sai da ka tabbata rana ta yi ja. Muna fitowa ka tsayar da Adaidaita Sahu da sandar hawan dutse, amfaninta na farko ke nan a wunin. Unguwar Goron Dutse ka shiga, wannan na shaida. Dutsen kuwa da ido ka hau shi.

Da na tsara mana Magwan, da Fanisau inda Clapperton ya je gaida Sarki Dabo, da Santolo da Yaji ya ci da yaƙi. Na soke, don ina tsoron abin da zan gaya wa iyalinka.

Kufena ya fi Dala tsawo, ya fi ta tauri, ga tsofaffin ganuwoyi a gindinsa da ke shaida an daɗe ana zaune a wurin. Wannan ba abin musu ba ne, ko a gaban Sarki zan faɗa. Tambayata ɗaya ce: yaushe rabonka da hawansa? Kawo shaida, ba ɗan majalisarku ba. Abin da na sani shi ne ta tagar mota kake gaishe shi in za ka Wusasa dubiya.

Ga sharaɗina. Ranar Takutaha mai zuwa, 19 ga Rabi'ul Awwal, ranar da Kano ke hawa Dala, ka dawo. Silifas da 'yar shara, ba sanda, ba agogo. Kuɗin sharar da kake maƙale mini duk watan Cika-ciki na yafe, amma ka zo da buhu, ni ma zan zo da nawa, mu tsince ledar da ke kan matakala tun daga ƙasa har sama, in ka gaji ka ce tsintuwa kake, ba mai ganewa. In ka cika wannan, ni kuma zan zo Kufena, da sharaɗin sai mun sauko za a kawo fate, don na san makircinku. In kuwa ka ƙi zuwa, ko na sake jin wani direba ya ce ka ce tudu, to ka sani hoton da na ɗauke ka kana rigingine a kan Dala, baki buɗe, malafa a fuska, yana cikin wayata, kuma edita ya ce akwai fili a wannan shafi.